Hutun Bazara a Gadarif

1. Garin dawa da riɗi

Gadarif babban gari ne a gabashin ƙasar Sudan. Tsakaninsa da Hartum akwai kimanin kilomita 410. Wanda ya bi hanya ya yi kudu maso gabas daga Gadarif zai isa Gallabat, a bakin iyakar Habasha.

Ƙasar Gadarif baƙar laka ce. Da damina takan yi danƙo, ta riƙe ruwa. Da rani takan bushe, ta tsattsage. Dawa da riɗi suna son irin wannan ƙasa ƙwarai. Tun wajen 1945 aka fara noma da manyan injuna a yankin. Riɗin Gadarif ya yi suna, har ƙasashen waje ake kai shi.

Akwai Hausawa da yawa a Gadarif. Kakanninsu sun taso ne daga Kano, Katsina, Sakkwato, Damagaram da sauran wurare, za su aikin hajji a ƙasa. Tafiyar takan ɗauki shekaru. Sukan tsaya a hanya, su yi noma, su sami guzuri, sannan su ci gaba. Waɗansu da suka tsaya ba su ƙara tashi ba. Waɗansu kuma sun zo ne bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya. Ɗansa, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya ja jama'a zuwa Sudan. Garin da suka zauna a bakin kogin Shuɗin Nilu har yau ana kiransa Mai Wurno.

Jikokin waɗannan mutane suna yin Hausa a gida, suna karatu da Larabci a makaranta. Har gasasshen naman nan mai yaji da ƙuli, wanda mutanen Sudan suke kira agashe, Hausawa ne suka kai shi can.

2. Dogon hutu

A Nijar babban hutu yakan zo da damina, yara su taya iyayensu aikin gona. A Sudan kuwa, a da an yi shekaru da yawa babban hutu da bazara yake zuwa, daga wajen watan Maris zuwa Yuni. A wannan lokaci zafi a Gadarif yakan wuce digiri 40. An gama girbi, ba a fara shuka ba. Ruwa yana wuya, har sai an saya a wurin masu amalanken jaki.

A ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke a Hartum. Makarantu da yawa na ƙasar suka rufe fiye da shekara ɗaya. A watan Disamba na wannan shekara yaƙin ya kai garin Wad Madani, mutane masu yawa suka gudu zuwa Gadarif. Waɗansu suka sauka a cikin makarantu, waɗansu suka sauka a gidajen ƴan'uwa. Yara suka shiga hutun da ba su san ranar ƙarewarsa ba.

A wani gida na Hausawa a bakin garin, akwai Kaka da Baba da Inna da yara uku. Sai ga Gwaggo ta iso daga Wad Madani da ɗanta. Yaron yana aji uku lokacin da aka rufe makarantarsu. Littattafansa duk a can aka baro su. Kullum sai ya zauna a bakin rumfa, ya yi tagumi.

Wata safiya Kaka ta dubi jikokinta, ta ce: «Zaman banza ba ya haifar da kome sai faɗa da ƙiwuya. Ga kara, ga laka, ga kaba. Kowa ya miƙe.»

Baba ya raba musu yini kashi uku. Da safe, kafin rana ta yi zafi, aikin hannu. Da tsakar rana, zama a inuwa. Da dare, wasa da hira.

3. Motar kara

Bayan girbi, karan dawa yana ko'ina a Gadarif. Da shi ake danga, da shi ake rumfa, shi dabbobi suke ci. Yaya, babban yaron gidan, ya ɗebo guda biyar busassu, ya nuna wa ƙannensa yadda ake mota.

Da farko akan ɓare ɓawon karan a tsaye, siri-siri. A ciki akwai totuwa, fara mai laushi. Akan yanka totuwa gunduwa-gunduwa, dogaye da gajeru. Siraran ɓawon su ne ƙusa: da su ake soke totuwa ɗaya a haɗa ta da wata. Dogaye biyu da gajeru biyu su ne gindin mota. A kansu ake ɗora gidan direba da bayan ɗaukar kaya. Ƙafafu kuwa, da sakaina ake yin su, ko da tsohon takalmin roba. A zana da'ira huɗu daidai da juna, a yanke, a huda tsakiyar kowace, a zura siririn tsinke. Daga ƙarshe a ɗaura dogon kara na turawa.

Ɓawon kara yana da kaifi kamar reza. Saboda haka babba ne yake ɓarewa, ƙanana su harhaɗa.

Motar Auta ta ƙi tafiya daidai, sai karkata take yi. Ɗan Gwaggo ya matso, ya duba, ya ce: «Ƙafar nan ta fi sauran girma.» Ya auna ta da zare, ya rage ta. Motar ta miƙe. Ranar ce aka fara jin dariyarsa a gidan.

Da kara kuma ana yin tabarau, da gado, da keji, da jirgin sama.

4. Shanun laka

Washegari suka ɗebo baƙar laka a bayan gida. Ba su taɓa ruwan randa ba, don na sha ne. Inna ta ba su ruwan da aka ɗauraye kwanuka da shi. Suka jiƙa lakar, suka tsince duwatsu, suka cuɗa ta har ta yi laushi. Suka gina shanu masu tozo, da raƙumi, da jaki, da ƴan tukwane.

Auta ya yi gaggawa, ya shanya sansa a rana. Kafin la'asar ya tsage. Ya zo yana kuka.

Kaka ta ce: «Share hawayenka, jikana. Dubi ƙasar gona. Me ya tsaga ta?»

Ya ce: «Rana ce, Kaka.»

Ta ce: «To, ita ce ta tsaga sanka.»

Laka tana ƙanƙancewa idan ruwa ya fita daga cikinta. A rana, bayanta yakan bushe tun cikin yana ɗanye, sai ta tsage. Maganin abin biyu ne. A gauraya lakar da ɗan ƙaiƙayi ko rairayi mai laushi. A kuma shanya ta a inuwa, ta bushe a hankali, kwana biyu ko uku. Haka magina tukwane suke yi kafin su gasa.

5. Faifai da mafici

Kaba ganyen ƙaramar goriba ce. Ana sayar da ita a kasuwa, fara da rinanniya. Da rana ta take, Gwaggo ta shimfiɗa tabarma a rumfa, ta jiƙa kaba don ta yi laushi, ta tsaga ta siri-siri.

Ga yadda ake faifai. A haɗa ƴan tsinkayen ciyawa kamar kaurin ɗan yatsa. A naɗe su da kaba, a lanƙwasa su kamar gammo. Duk zagayen da aka yi, a huda na bayansa da basilla, a zura kaba, a ja da ƙarfi. Haka za a yi ta zagayawa har faifai ya yi faɗi. Wanda yake son ado sai ya ƙirga: fari biyar, ja biyar, fari biyar, kore biyar. Idan ƙirgen ya ɓace, adon ya karkace.

Larabawan Sudan suna kiran faifai tabag, suna rufe abinci da shi. Mafici kuma suna kiransa habbaba. Yarinyar gidan ta yi kwana tara a kan faifanta na farko. Bai yi kyan na Gwaggo ba, amma Inna ta rufe tuwon Baba da shi. Baba ya ɗaga, ya juya shi, ya ce: «Madalla, ƴata. Na biyu zai fi wannan.»

6. Kantu da zoɓo

Ranar Juma'a Inna ta ce za a yi kantu. Mutanen Sudan suna kiransa simsimiyya. Yara suka tsince riɗi kofi biyu, suka wanke, suka shanya. Inna ta soya shi sama-sama har ya yi ƙamshi. Ta narka sukari kofi ɗaya a tukunya, ta zuba riɗin, ta juya da sauri. Ta juye a faranti da aka shafa wa mai, ta baje. Tun bai sandare ba ta yanka shi.

Narkakken sukari ya fi tafasasshen ruwa zafi, kuma yana manne wa fata. Don haka yara ba sa zuwa kusa da tukunya. Aikinsu tsinta da wanki da awo da rabo.

Suka kuma jiƙa zoɓo, wanda ake kira karkade a can, da garin kuka, wanda ake kira gwangwales. A lokacin zafi jiki yana zubar da ruwa ta gumi. Yaro ya riƙa shan ruwa mai tsabta a kai a kai, kada ya jira sai ƙishirwa ta kama shi.

7. Dara da sija da wasan dare

Dara ba ta bukatar kuɗi. A tona gurabu 30 a ƙasa: layi 5, kowane layi gurbi 6. Kowane ɗan wasa yana da ƴaƴa 12, ɗaya tsinke, ɗaya tsakuwa. Bayan an gama dasawa, sai a riƙa gusa ɗa ɗaya zuwa gurbin da yake kusa. Wanda ya jera uku a layi ya ci, sai ya cire ɗa ɗaya na abokin wasansa.

Maƙwabtansu Larabawa suna da tasu, sunanta sija. Gurabunta 25 ne: layi 5, kowane layi gurbi 5. Kowa yana da ƴaƴa 12, gurbin tsakiya kuma akan bar shi ba kome. A sija, wanda ya sa ɗan abokinsa a tsakanin nasa biyu, shi ya ci. Yaya ya koya wa ƴaƴan maƙwabta dara, su kuma suka koya masa sija.

Idan akwai farin wata, yaran unguwa sukan yi shilel a fili. Ɗaya ya jefa ɗan farin ƙashi can nesa, sauran su bazu nema. Wanda ya tsinta sai ya sheƙa zuwa wurin sha, sauran su bi shi. Bayan wasa sai a kewaye Kaka. Wani dare ta yi tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi. Wani dare ta ba da labarin yadda kakanta ya taso daga ƙasar Hausa da jaki ɗaya da allo da buta.

8. Gwajin iri

Da watan Yuni ya matso, Baba ya fito da dawar da ya ajiye ta iri. Ya kira ɗan Gwaggo, ya ce: «Zo, ɗana. Ina da aikin da sai mai ƙirge.»

Yaron ya sunkuyar da kai, ya ce: «Kawu, ina jin na manta.»

Baba ya ce: «Abin da aka manta, ai tunawa ake yi. Fara da goma.»

Suka jiƙa tsumma mai tsabta, suka matse. Yaron ya jera ƙwayar dawa layi 10, kowane layi ƙwaya 10. Ƙwaya 100 ke nan. Suka naɗe tsumman, suka ajiye shi a inuwa kusa da randa. Kullum safe yaron yakan yayyafa masa ɗan ruwa. Bayan kwana bakwai suka warware. Ya ƙirga waɗanda suka tsiro, ya sake ƙirgawa, ya ce: «86 ne, Kawu.»

Baba ya ce: «Irin yana da kyau. Shi za mu shuka.»

Wannan gwaji ba wasa ba ne kawai. Idan 80 ko fiye suka tsiro cikin 100, manomi ya shuka da kwanciyar rai. Idan kaɗan ne suka tsiro, ya nemi wani iri tun da wuri. Wanda ya shuka mataccen iri ya yi asarar ruwan farko, kuma damina ba ta jiran kowa.

9. Ma'aunin ruwan sama

A Gadarif ruwa yakan fara sauka a watan Yuni, ya yi ƙarfi a Yuli da Agusta. A shekara akan sami kimanin milimita 600. Wata shekara ya fi haka, wata shekara ya kasa.

Yara suka samo gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, wanda bakinsa da gindinsa faɗinsu ɗaya. Suka kafa shi a fili, nesa da itace da rufin ɗaki, suka tokare shi da duwatsu don kada iska ta kayar da shi. Duk safiyar da aka kwana da ruwa, sai su tsoma busasshen tsinke har ƙasa, su auna inda ya jiƙe da ma'aunin santimita, su zubar da ruwan. Milimita ɗaya a gwangwani daidai yake da lita ɗaya a kan fili mai tsawon mita ɗaya da faɗin mita ɗaya.

Ɗan Gwaggo ne aka ba riƙon littafi. Yakan rubuta rana da wata da yawan ruwa. Baba ba ya fita gona sai ya tambaye shi: «Malam, nawa aka samu jiya?» Da haka hannunsa ya sake sabawa da alƙalami tun kafin a buɗe makaranta.

10. A yi hattara

Iyayen gidan sun kafa wa yara dokoki huɗu.

Ta ɗaya, wuta. Ɗakuna da yawa a Gadarif na ciyawa ne, ana kiransu guttiya. Da bazara kome a bushe yake, ga iska. Ba a wasa da ashana, ba a kai kara kusa da murhu.

Ta biyu, ruwa. Hafir babban tafki ne da ake haƙawa don tara ruwan damina. Bakinsa yana da santsi, cikinsa yana da zurfi. Yaro ba ya zuwa can shi kaɗai.

Ta uku, cuta. A yankin Gadarif akwai cutar kala-azar. Wani ɗan ƙaramin ƙwaro ne mai tashi, wanda bai kai sauro girma ba, yake kawo ta. Yana cizo daga magariba zuwa dare, ya fi yawa da bazara, a wuraren tsattsagaggiyar ƙasa da itatuwan aduwa da ƙaya. Ba a wasan dare a irin wannan wuri, kuma a gidan sauro mai magani ake kwana. Zazzaɓin da ya wuce mako biyu, tare da rama da kumburin saifa, sai a kai yaro asibiti. Cutar tana da magani, amma tana kisa idan aka bar ta.

Ta huɗu, baƙon ƙarfe. A ƙasar da aka yi yaƙi, akan bar abubuwa masu fashewa a daji da kan hanya. Yaron da ya ga ƙarfen da bai san shi ba, kada ya taɓa shi, kada ya jefe shi. Ya koma ta inda ya fito, ya faɗa wa manya.

Abin riƙewa

Hutu ba zaman banza ba ne. Da kara da laka da kaba, yaro zai yi abin wasa da abin amfani ba tare da kuɗi ba. Cikin aikin hannu akwai awo da ƙirge da haƙuri. Ko an rufe makaranta, gida ma wurin koyo ne.

Kalmomi da Faransanci

dawa: le sorgho
riɗi: le sésame
kara: la tige
laka: l'argile
goriba: le palmier doum
faifai: le van
mafici: l'éventail
iri: la semence
ma'aunin ruwan sama: le pluviomètre
babban hutu: les grandes vacances

Tambayoyi

1. A wace ƙasa Gadarif take? Me aka fi nomawa a can?
2. Ta yaya Hausawa suka je Sudan?
3. Me ya sa ɗan Gwaggo ya bar makarantarsa?
4. Me ya sa san Auta ya tsage? Yaya ake hana laka tsagewa?
5. Mene ne bambancin dara da sija?
6. Me ya sa manomi yake gwada iri kafin ya shuka?
7. Ku faɗi dokoki huɗu na gidan. Wace ce ta fi shafar garinku?

Lissafi

1. An jera ƙwaya 100, 86 suka tsiro. Nawa ne ba su tsiro ba?
2. Ranar Litinin an sami ruwa milimita 12, Laraba 25, Asabar 8. Milimita nawa aka samu a makon?
3. Riɗi kofi 2 yana bukatar sukari kofi 1. Sukari kofi nawa riɗi kofi 6 yake bukata?
4. Bayan an gama dasa dara, gurbi nawa ne ya rage ba kome?

Aiki

1. Ku yi mota ko tabarau na kara, ku kawo aji.
2. Ku gwada irin hatsi ko na wake a gida, ku rubuta abin da kuka samu bayan kwana bakwai.
3. Ku tambayi kakanninku wasannin da suka yi suna yara. Ku rubuta ɗaya cikin layi biyar.